Ranau da Marmaron Tsaunin Gurzam

Tun zamanin da ba a san bindiga ba a ƙasar nan, lokacin da giwaye ke kiwo a inda kasuwar Gurzam take ci yanzu, aka yi wani maharbi mai suna Ranau ɗan Shekarau. Ba ɗan dutse ba ne. Mutumin arewa ne, daga ƙasar fili da rairayi, inda in ka tsaya da hantsi za ka hango baƙon da ba zai iso ka ba sai azahar. Shi ne Sarkin Bakan garinsu, kuma an ce tun da ya fara rataya kwari bai taɓa harba wa dabba ɗaya kibiya biyu ba. In mai komo, makaɗin maharba, ya ɗauki kirarinsa, cewa yake: Ranau na Hakama, mai bin sawu a kan falalen dutse, dawa ta san fitarka, gari ya san dawowarka!

Fari ne ya tashe su. Damina ta yi ta leƙowa tana komawa, rijiyoyi suka ƙafe, namun dawa suka yi kudu. Ranau ya ce shi kam inda nama ya bi nan zai bi, wanda ya yarda ya biyo shi. Gidaje kaɗan suka ɗaure kaya, da mata da yara da jakuna. A hanya matarsa Hakama ta rasu, aka rufe ta a gindin wata ƙirya, aka ci gaba da tafiya. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ƙanensa Jatau, da 'yarsa tilo Marka, wadda ke auren ɗaya daga cikin maharbansa, tana tafe da tsohon ciki. Sai kuma karensa Tsinke, wani siririn jan kare da ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nasa.

Da suka hawo tsaunukan nan, sai suka ga ƙasar da ko a labari ba su taɓa jin irinta ba. Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba, kun saba. Mutumin fili ne fa ya wayi gari ya ga gajimare ya sauko ƙasa yana yawo tsakanin bukkoki, fari fat, yana jiƙa masa gemu. Sanyi har cikin ƙashi. Rema na zaune a kan dutse tana kallon mutum, ba ta ko motsi. Ga gonaki an jera su hawa-hawa da duwatsu a jikin tsauni, ga shingen ƙerana ya girma ya wuce kai, ga kufai da murhu da dutsen niƙa, amma babu kowa. Abin da ya fi damun Ranau, shi da ya san dawa ciki da bai, shi ne duk inda ya tsaya sai ya ji kamar akwai mai wurin a zaune, ya yi shiru ne kawai don baƙo ya shigo. Bai gaya wa kowa ba.

Mutum ɗaya suka tarar, wani tsoho mai kiwon awaki, sunansa Dakwal. Shi kaɗai ya rage daga mutanen bisa, waɗanda suka jera waɗancan gonaki. Agana ta cinye yawancinsu, sauran suka gangara suka bar ƙasar, shi kuwa ya ƙi tafiya. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ta fataken da a da suke hawowa sayen tama. Tsoho ne mai tsamin rai, ba ya gaisuwa mai tsawo, amma yana da wata ɗabi'a: ba ya wuce dutse ko kwari ko rafi sai ya ɗan rage tafiya ya ambaci sunansa da harshensu, kamar yadda za ka yi sallama a ƙofar maƙwabci.

Ranau ya roƙe shi ya nuna musu ƙasar, ya yarda. Yana gaba suna biye, yana nuni da sanda. Wancan dogon dutse Kwalzum. Wannan kwari mai duhu Ndirkal. Tudun can da gajimare ba ya barinsa Fyangwal. Inda suka kafa bukkoki kuwa Gurzam. Maharba suka gwada faɗa, harshe ya ƙi juyuwa, suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Jatau, wanda dama bakinsa ba ya hutawa, ya ce in mutum ya ambaci uku a jere sai ya nemi mai gyaran muƙamuƙi. Tsoho ya dube shi, ya ci gaba da tafiya. Duk cikinsu, har da Ranau da hankalinsa, babu wanda ya ce, tsoho, mece ce ma'anarsu? To nan ne fa abin ya fara lalacewa.

Maharban arewa suna da wata al'ada, kuma a ƙasarsu al'ada ce mai kyau. In mutum ya yi abin bajinta a wani wuri, Sarkin Baka zai tara jama'a, a kaɗa komo, ya tsaya a wurin ya sa masa sunan mutumin, don 'ya'ya da jikoki su sani. Ba abin da maharbi ke so a duniya kamar wannan. Ranau kuwa mutum ne mai son ya ga ya kyauta wa nasa, ga shi kuma sunayen da suka tarar sun gagari baki.

Karen aka fara da shi, cikin wasa ma. Tsinke ya tsare wata damisa a kan wani kwantaccen dutse har ubangidansa ya iso, sai Ranau ya shafa kan karen ya ce daga yau nan Dutsen Tsinke ne. Aka yi dariya, sunan ya kama. Bayan kaka Jatau ya tari wani tsohon ɓauna shi kaɗai a mashigin da ke tsakanin tsaunuka biyu, inda babu wurin kaucewa, ya kayar da shi. Aka kaɗa komo, aka ci nama har aka ƙyale, wurin ya zama Mashigin Jatau.

Da rani ya yi nisa, rafin da suke sha ya janye. Maza suka bazu neman ruwa suka dawo hannu wofi, har aka fara zancen ɗaure kaya kuma. Marka ce, da jaririnta a baya, ta lura ƙudan zuma na shiga wani tsagin dutse a bayan gari suna fitowa a jere. Ta kutsa cikin sarƙaƙiya, ta janye wasu duwatsu da aka jera da hannu, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa, garai-garai, sanyi kamar ya fasa haƙori. Ranar Ranau ya yi kuka a gaban mutane, abin da ko a kabarin Hakama bai yi ba. Ya kama hannun 'yarsa ya ɗaga, ya ce wannan Marmaron Marka ne har duniya ta naɗe. Mata suka rangaɗa guɗa. Babu bakin da bai maimaita ba, ita ma tana dariya tana faɗa. Dakwal yana can bisa da awakinsa, yana jin kiɗan, bai sauko ba.

Da ruwan farko ya sauka, Tsinke ya daina bin farauta. Sai a neme shi a rasa, a same shi kwance a kan dutsen nan nasa, haɓa a kan ƙafafu. Ranau ya kira, ya yi fito, kare ya kaɗa wutsiya amma bai tashi ba. Ya kai masa nama, ko shinshinawa bai yi ba. Wata rana gajimare ya sauko da rana tsaka ya rufe dutsen, da ya yaye babu kare. Mutane suka ce tsufa ne, ko kura. Ranau ya duba ko'ina bai ga sawun kura ba, bai kuma ga sawun karen yana sauka ba.

Sai Jatau. Shi da ba ya rufe baki, ya fara yin shiru. In aka tambaye shi ina za shi, sai ya ce zai ɗan leƙa mashigi ne ya dawo, kuma babu abin da ya ajiye a can. Tun yana dawowa da yamma har ya daina. Aka same shi zaune ya jingina da dutse, ido a buɗe, jikinsa sanyi ƙalau kamar randa. Yana gane mutane, yana amsa gaisuwa a hankali, amma in aka ce ya tashi sai ya ce, wa zai zauna? Ranau ya sa aka ɗauko shi, aka ɗaure shi da igiya a ginshiƙin bukka, aka yi turare, aka yi jiƙe-jiƙe, duk abin da maharbi ya sani an yi. Gari na wayewa ga igiya a ƙulle yadda take, Jatau kuwa yana mashigi.

Ranau ya je ya zauna kusa da shi ya riƙe masa hannu, ya rantse ba zai saki ba. Da gajimare ya taho ta cikin mashigin, ya ƙara damƙewa. Bai ji an fizge ba, bai ji an ja ba. Kawai dai da wuri ya washe, sai ya ga hannunsa a dunƙule, babu komai a ciki. Daga ranar duk wanda ya bi ta nan yakan ji gyaran murya a bayansa, irin wanda Jatau ke yi in zai fara ba'a. Ba'ar ce ba ta zuwa.

Ba a gama zaman makoki ba Ranau ya ga 'yarsa ta ɗauki tulu, alhali randunan gidanta cike suke har baki. Ya tambaye ta, ta ce za ta ɗan leƙa marmaro ne ta dawo. Jama'a, mutumin da ya tsaya gaban zaki bai girgiza ba, sai ga shi ranar ya razana. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don yanzu ya ga hanyar da abin ke bi, kuma ya san bakin wa ya share ta.

Ba a jima ba Marka ta zauna. A bakin marmaro, ƙafafu cikin ruwa, hannuwa a kan cinya. Aka kawo mata jaririn yana tsala kuka. Nono ya zubo har ya jiƙa mata zane, amma hannuwan ba su motsa ba, ko waiwayowa ba ta yi ba. Aka ba wata mai jego yaron, ya ƙi kamawa. Allah sarki, kukan da ake ji daga ƙarshen gari ya koma sai ka matso kusa.

Ranau ya ajiye baka da kwari, abin da bai taɓa yi ba in zai shiga dawa, ya hau Fyangwal da hannu wofi. Ya sami Dakwal zaune a bakin kogonsa yana tufka igiya. Ya durƙusa, shi Sarkin Baka, ya ce, “Baba, sunayen nan da ka gaya mana, mece ce ma'anarsu?”

Tsoho ya ɗago ya dube shi. Sannan ya ce, “Sai yau?”

Ya fara faɗa, yana nuni da haɓa. Kwalzum, maƙeri ya ajiye guduma. Ndirkal, tagwayen da ruwa ya tafi da su. Fyangwal, tsohuwar da ta ƙi saukowa. Gurzam, mai gayya ya huta. Ya bi duwatsu da kwaruruka da rafuka ɗaya bayan ɗaya, har inda ido ke iya kaiwa, kuma babu suna ɗaya da ba mutum ba ne a cikinsa. Ya ce su mutanen bisa ba sa tara matattu a wuri guda. In mutum ya mutu, sai a duba wurin da ba shi da mai shi, a ba wurin sunansa, shi ke nan ya zama mai tsaronsa. Ƙasar nan ba ta san wani dalilin sa suna ba. In ta ji an kira wuri da sunan mutum, ta ɗauka an ba ta shi ne, kuma ba ta tambaya ko yana numfashi.

Ranau ya dubi ƙasar da ke shimfiɗe ƙarƙashinsa, tsauni bayan tsauni, ya gane abin da yake ji tun ranar da ya hawo. Ransa ya ɓaci, ya tambayi tsohon me ya sa ya ji kiɗa har sau nawa bai sauko ya hana ba. Dakwal ya ce ya zaci ƙasar ba ta jin harshen baƙi. Ya ce, “Ashe ta koya.”

Ranau ya tambayi sunan marmaron na da. Tsoho ya ce Mbulshi. Ya tambayi ma'ana. Nan Dakwal ya ajiye igiyar da yake tufkawa, ya ce: uwar da ta bar ɗanta yana kuka. Ya ce kakanninsu ma baƙi ne sa'ad da suka hawo, su ma da al'adarsu suka zo, kuma a wannan marmaro suka koyi abin da shi Ranau yake koya yau. Su ne suka jera duwatsun nan suka toshe wurin don kada ido ya riƙa gani.

Tare suka sauko. Ranau ya tsaya a kan marmaro ya kira Mbulshi har muryarsa ta dushe, ya sa jama'a duka suka kira, harshen da a da ya ƙi juyuwa yau ya juyu. Marka ba ta motsa ba. Dakwal ya girgiza kai ya ce dama ya yi tsammani. Waccan matar ta daɗe tana jiran wanda zai karɓe ta, ta samu, ta tafi, ba a maido ta. Ranau ya ce to a bar wurin ba suna. Tsoho ya ce wurin da ya taɓa samun mai shi ba ya zama haka nan. Hanya ɗaya ce: bakin da ya sa sunan ya sa wani, na mai rai, sunan yanka ba laƙabi ba, kuma duk bakin da ya taɓa ambaton na farko, muddin mai shi na raye, ya zo bakin ruwa ya ambaci na biyu. Ya ɗaga kai ya dubi Fyangwal, inda gajimare ya fara taruwa, ya ce kada a daɗe ana shawara.

Mijin Marka ba ya iya tsayawa gaban surukinsa ya yi magana, sai ya bi ta wurin dattawa. Dattawa suka ja Ranau gefe, suka yi ta kewaye-kewaye, daga baya suka fito fili. Ga tsoho nan, ƙafarsa ɗaya a kabari, ba ɗa ba jika, kuma ƙasarsu ce, shi ya san ta. Wa zai yi kukansa? Kada ku yi saurin zaginsu, ku da ba ku taɓa jin kukan jariri yana ƙarewa ba. Shi kansa Ranau maganar ta shige shi. Ya juya ya dubi Dakwal, ya ji sunan ya hau kan harshensa, gajere, mai sauƙin faɗa.

Tsoho yana zaune a kan dutse, sanda tsakanin gwiwoyi, kuma ya ji duk abin da aka ce. Bai gudu ba, ina zai je? Ya ce, “Bakinka ne, maharbi, ba ni da ikon hana ka. Amma ina tsoro. Gara ka sani.”

Ranau ya tuna tun yana yaro bai taɓa harbin dabbar da ke ɗaure ba, ko da yunwa. Ya tuna kuma ba tsohon nan ne ya ɗaga hannun Marka a gaban jama'a ba. Sai ya ce a kira kowa, babba da yaro, kada a bar ko gurgu a gari. Da suka taru ya cire layun da ke damtsensa ya miƙa wa surukinsa, ya tako ya tsaya a bakin ruwa kusa da 'yarsa, ya ce da murya irin wadda yake kiran farauta da ita, “Wannan Marmaron Ranau ne.”

Sannan ya ce kowa ya zo ya kamfaci ruwa ya faɗa.

To a nan aka sha wuya, don ban da mai komo a cikin kirari, babu mahaluƙin da ke kama sunan mutumin nan. Sarkin Baka ake cewa, ko Baba. Yanzu a ce ka tsaya gabansa, ido cikin ido, ka kira shi gatsau kamar sa'anka, kuma ka san abin da kiran zai yi masa? Dattawa suka yi ta gunguni cikin gemu, ya ce bai ji ba, su sake. Mata suka rufe fuska da gefen zane suna faɗa suna kuka. Surukinsa ya durƙusa ya kasa, sai da Ranau ya daka masa tsawa, karo na farko tun da ya ba shi 'ya. Yara ne kaɗai suka faɗa ba wahala, don ba su san komai ba.

Ana faɗa, ana faɗa, sai aka ga yatsun Marka sun motsa. Aka ga ta ƙifta ido. Shi kuwa Ranau tun yana tsaye har ya dafa dutse, har ya zauna, ya ce ƙafafunsa ne suka ɗan yi nauyi. Da na ƙarshe ya faɗa ya koma, Marka ta juyo ta dubi jama'a, ta dubi ubanta, hankalinta ya dawo sarai. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi fita daga ruwa. Gajimare kuwa ya baro Fyangwal, ya cinye gonakin bisa, yana gangarowa. Dakwal ya ce saura baki ɗaya, ita ma ai ta faɗa a ranar.

Aka gaya mata abin da ake ciki. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce a'a. Ta ce a bar ta inda take, a nema wa yaron akuya.

Ta ce, “Baba, tun da aka haife ni ban taɓa kama sunanka ba. Yau zan fara, kuma don in ba da kai?”

Ya ce, “Uwata, wurin zama za ki ba ni. Na yi tafiya ta ishe ni.”

Ta ce ba za ta iya ba. Bai yi mata tsawa ba, bai kuma roƙe ta ba. Ya ce a miƙo masa jaririn. Ya karɓe shi da hannuwan da suka fara sanyi, ya ɗora mata a cinya. Yaron ya daina kuka tun ɗazu, baki kawai yake buɗewa yana rufewa. Marka ta dube shi. Ta dubi farin abin nan da ya riga ya shafe bukkokin ƙarshen gari. Sai ta sunkuya ta kamfaci ruwa, ta kawar da kai gefe don kada su haɗa ido, ta faɗa. A hankali ta faɗa, na kusa ma da ƙyar suka ji, amma wanda ake so ya ji ya ji. Ƙafafunta suka fito.

A nan bakin ruwan ta zauna ta ba ɗanta nono, kafaɗarta na jingine da ta ubanta, tana kuka ba sauti. Gajimaren ya iso ya rufe su duka, mutane suka riƙe juna. Da ya yaye Ranau yana nan. Ƙasar ta ɗan yi masa jinkiri, wa ya san dalili.

Kwanakin da suka rage masa bai ɓata su ba. Daga inda yake zaune ya sa Dakwal ya riƙa zagayawa da jama'a, tsauni tsauni, kwari kwari, yana koya musu sunaye da ma'anarsu, in sun dawo su maimaita a gabansa. Ya hana a sake sa wa wuri sunan mai rai muddin akwai Gurzam. Marka takan kawo masa fura kullum, ya karɓa ya ajiye a gefe ya ce an gode. Muryarsa ta yi ta raguwa. Wata rana da hantsi ta zo da ƙwarya a hannu, gajimare na tashi daga kan ruwa, ta tarar da dutsen da yake zama a kai babu kowa.

Marmaron bai taɓa ƙafewa ba, ko a shekarun da rafuka suka zama hanya. Sunayen mutanen bisa suna nan a bakinmu, mun karkatar da wasu, amma duk ɗan Gurzam na gaske zai gaya maka wane ne a cikin kowanne, kuma ba ya wucewa bai rage tafiya ba. Baƙi sukan yi mamaki da ba su jin unguwar wane ko gonar wane a garin nan sai mai ita ya kwanta dama. Wani in ya zo da kuɗinsa ya gina rijiya yakan so a sa sunansa, mu ce masa ya yi haƙuri, ya tafi yana cewa ƙauyanci ne. Ya faɗi abin da ya ga dama, mu dai mun fi son mu gan shi yana yawo.

Marka ta tsufa ƙwarai, ta ga jikokin yaron nan, kuma ba a sake jin sunan a bakinta ba har ta mutu. Kowa a Gurzam yana cewa Marmaron Ranau, haka gatsau, ba Sarki ba Malam, don haka ya nema. Matan gidanta ne kaɗai ba sa faɗa. Har gobe in ka ga ɗayarsu ta fito da tulu ka tambaye ta ina zuwa, za ta ce maka za ta wurin Baba.